Aiken Suruka a Duwatsun Mokolo

Aiken suruka ba a cewa ba a iya ba. Shi ya sa da Hajiya ta aiko a faɗa mini in taho mata da karan masallaci idan na je cin kasuwar Mokolo, a arewacin Kamaru, ranar Laraba, na ce wa uwargida, "Wannan ai ƙaramin aiki ne." Ta tambaye ni ko na san shi. Na dube ta sheƙeƙe. Ni da aka haifa a Marwa, a tambaye ni ɗan tsiron da ba shi da ko ganye?

Da na gama ciniki sai na ɗauki ɗan acaba muka haura bayan gari, inda 'yan ƙabilar Mafa suka sassaƙe duwatsun Mandara hawa-hawa suna shuka dawa. Tsiron irin wannan wuri duk kamanninsu ɗaya a idon ɗan birni: kore, mai kauri, cike da ruwa, ya maƙale a tsagar dutse. Ga tinya can, mai jiki toka-toka da ɗan tukkun ganye a ka. Ita na san ta, na ba ta hanya. Gaba kaɗan na hango wani kara mai kusurwa, babu ganye, an jera shi reras. Na ce Allah ya kawo ni gidan sauƙi, har dasa mini aka yi.

Ina cikin sara da wuƙa sai wani dattijo ya ɓullo daga sama yana ɗaga hannu yana ƙwala magana da Fillanci. Fillancina na kasuwa ne, iyakarsa "nawa" da "rage mini", don haka na ɗauka kuɗi yake so. Na miƙa masa sefa 500. Ya dubi kuɗin, ya dubi farin ruwan da ya wanke mini hannu, ya ja da baya. Ɗan acaba kuwa tuni ya koma gindin wata bishiya yana kallon sama. Rana ta take, gumi ya zubo, na sa hannun nan na share fuska har da leɓe.

Jama'a, kerana ce. Shingen gonar bawan Allah nake ta datsa.

Kafin mu sauko tasha fuskata ta ɗau wuta, leɓena na sama ya yi suntum kamar fanke. Allah ya so ni bai shiga ido ba, don ruwan kerana makanta mutum yake yi. Kilomita wajen 80 na dawowa Marwa, ba wanda ya yarda ya matse ni a mota. Wata tsohuwa ma ta yi mini jajen zanzaro, na amsa da kai.

Duk da haka na kai kayan, aike ai aike ne. Hajiya ta sa tsinke ta juya su daga nesa. Saboda kunya ba ta dube ni ba, 'yarta take wa magana. "Ki gaya wa Malam, karan masallaci gajere ne, a dunƙule yake fitowa, kusurwarsa huɗu, haƙoransa kuma ba sa suka. In an karya shi ruwa ne garau, sai ɗaci. Furensa ƙanana, ja mai duhu. Kerana kuwa ƙayarta biyu-biyu, tana girma ta fi mutum tsawo, in an yanke ta nono take zubarwa. Yaro ma karyawa yake fara yi ya duba."

Na so in ce na ga ƙayar, na zaci na dutse ne ya fi na gida zafin rai, amma leɓen ya ƙi ba ni haɗin kai.

Uwargida ta fita tana toshe baki da mayafi. Can sai ga ta da wata fasasshiyar tukunya, cike da karan masallaci kore shar. Daga bayan ɗakina ta ɗauko ta, daidai inda nake zama in yi alwala kullum. Hajiya ta ce ita na dutse take so, ya fi ƙarfi, in Laraba ta zagayo a sake dubo mata.