Bayan an raba shinkafa, wa ke zaunar da baƙin Kaduna?

Kaduna ba ta taɓa rabuwa da baƙi ba. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917 mutane ke kwararowa: leburorin jirgin ƙasa, sojoji, ma'aikatan gwamnati, sannan ma'aikatan masaƙun Kakuri daga 1957 zuwa sama. In ka cire Gbagyi da aka tarar, kusan kowa a garin nan zai iya gaya maka inda kakansa ya baro. Sai dai waɗancan aiki ne ya kira su, na yanzu kuwa yawanci masifa ce ta koro su. Akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya taso daga Borno da Yobe, akwai mutanen ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Igabi, Chikun da Kajuru da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, ga na Zamfara da Katsina, ga kuma 'yan Nijar masu zuwa cin rani, wasunsu zuwan ke nan. A ganina lokaci ya yi da gwamnatin jiha za ta ware kuɗi a kasafinta musamman domin zaunar da waɗannan bayin Allah.

Shiga lungunan Rigasa, Hayin Ɗanmani, Mando ko Maraban Rido ka gane wa idonka. Za ka tarar da kango, an toshe taga da buhun siminti, an rataya tsohon zane a ƙofa, mace da 'ya'yanta a ciki. Za ka tarar da gidan haya mai ɗaki biyu, maigidan direban Keke Napep ne, ya koma kwana a zaure don ya bar wa matar wansa da marayunta ɗaki. Tukunyar da ake ɗorawa don mutum shida yanzu ninkin haka ke jiranta. Babu ofishin da ya san da zaman wannan mutumin, balle a ƙara masa ko mudun masara.

Za a ce ai mu ba a koya mana saukar baƙo, kuma gaskiya ne. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun san fatoma: shi ke ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. A kan wannan tsari aka gina zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, kowanne da sarkinsa. Amma fa a tuna, fatake da kayansu suke zuwa, fatoma kuma yana da la'adarsa, don haka tsarin ya riƙe kansa. Wanda ya tsere daga ƙauye tsakar dare daga shi sai rigar jikinsa ba shi da abin bayarwa, mai masaukinsa ma da ƙyar yake samun na sawa a bakin salati. Duk wanda ya ce al'adarmu ta wadatar, abin da yake faɗa a zahiri shi ne talaka ya ci gaba da goya talaka shi kaɗai.

Ƙasashen da 'ya'yanmu ke tafiya neman arziki sun daɗe da gane cewa wannan aikin hukuma ne. Tun 2005 Jamus ke da kwas na sababbin zuwa: sa'o'i 600 na koyon Jamusanci, da wasu 100 na sanin dokoki da tarihi da zamantakewar ƙasar. Gwamnati na ɗaukar kaso na kuɗin, wanda ba shi da hali a yafe masa gaba ɗaya. Kanada tun 1992 take koyar da Turanci ko Faransanci kyauta ga waɗanda ta ba izinin zama na dindindin, a wasu cibiyoyin har da masu rainon yara domin uwa ta samu zama a aji. In an ce waɗannan masu kuɗi ne, to ga Yuganda: dokarta ta 2006 ta ba 'yan gudun hijira damar yin aiki da zirga-zirga, tana kuma yanka musu fili su yi ɗaki su yi noma, alhali tana ɗauke da sama da mutum miliyan 1.5. Lissafin nasu ɗaya ne. Mutumin da ya tsaya da ƙafarsa da wuri zai yi sana'a ya biya haraji, wanda aka bari a kango kuwa ɗawainiyarsa za ta dawo kan jama'a ta wata ƙofar.

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Akwai hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa tun 1989, wadda daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da baƙin haure da waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin gida. A shekarar 2012 Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla domin kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu. Ga NEMA a tarayya, ga hukumar agajin gaggawa ta jiha. Idan hari ya auku sukan zo da shinkafa, katifu, barguna da gidan sauro, kuma wanda ya kwana da yunwa ya san darajar wannan. To amma buhu yana ƙarewa cikin makonni, daga nan ne ainihin wahalar ke farawa.

Uwa ta kama hannun ɗanta zuwa firamare, a ce ta kawo takardar haihuwa da ta canjin makaranta. Takardun sun ƙone tare da ɗaki, makarantar ƙauyen kuma an rufe ta tuni. Ta juyo gida, ba ta san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba ɗanta haƙƙin karatu kyauta na shekara 9 ba. Bayan wata uku yaron yana bin bola da buhu. Ba ta da lambar NIN, don haka an rufe layinta, ba ta iya buɗe asusun banki, duk tallafin da ke bi ta asusu ya wuce ta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya buƙatar biliyoyi. Mutum ɗaya wanda ya san hanya ake nema.

Jihar nan na da mazaɓu 255, gwamnati kuma ta riga ta ɗauki tsarin asibitin sha-ka-tafi ɗaya a kowace mazaɓa. A sa tebur a irin waɗannan asibitoci, a fara da mazaɓun da baƙi suka fi yawa, a ɗauki ma'aikaci mai albashi ya yi aiki tare da mai unguwa, limamai da fastoci. Shi zai rubuta wanda ya zo, ya haɗa shi da masu rajistar NIN da takardar haihuwa, ya ba uwa wasiƙar da shugaban makaranta zai karɓa, ya sa iyali a inshorar lafiya ta jiha, ya nemo wa saurayi maigida a Panteka ko Kasuwar Barci. Abin da na fi nacewa a kai shi ne a rubuta mai masauki shi ma, a taimaka masa da kuɗin haya ko hatsi.

Na san masu cewa 'yan gari ma ba su ƙoshi ba, kuma ba na raina maganarsu. Shi ya sa tebur ɗin ya kamata ya zama na duk wanda ke mazaɓar, tunda ɗan gari mara takardar haihuwa yana nan birjik. Masu tsoron kada a saukar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto su ma suna da hujja, sai dai baƙon da mai unguwa ya san sunansa da ɗakinsa da garin da ya fito ya fi sauƙin sa wa ido a kan wanda ke ɓoye a kango. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jerin sunaye ya cika da 'yan uwan masu faɗa a ji. Maganinsa a manna jerin a bangon asibiti kowa ya karanta, a kuma riƙa bayyana abin da aka kashe.

Su kuma 'yan Nijar, masu shayi da masu gadi da 'yan ga-ruwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba su damar shigowa na kwana 90 ba tare da biza ba. Ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kodayake ECOWAS ta ce a ci gaba da barin su suna zirga-zirga har sai an sanar da wani abu daban. Shige da fice aikin tarayya ne, amma jiha na iya sa wanda zai yi wa mutumin Maraɗi ko Damagaram bayanin matsayinsa da Hausa, ya nuna masa ofishin da zai je, kafin wani mai kaki na bogi ya tare shi a tasha ya karɓe ɗan abin da ya tara.