Gangar Gaske da Makirfon Bagas

A 'yar situdiyon da nake lallaɓawa a shagon ƙofar gidanmu, ganga a cikin kwamfuta take zaune. Mawaƙi ya zo, in danna fiyano, kiɗa ya fito tsaf ba wanda ya yi zufa. Kwatsam sai ga wani mawaƙin biki da sabon salo, wai shi gangar gaske yake so, ta Turawa, irin wadda ake kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu. Har ya samo makaɗi daga wata coci a Sabon Gari, an lodo kayan a adaidaita sahu. Na ce ai ba komai, aikinmu ne. Kafin alƙalami kuwa tuni ya shige aljihu.

A manyan situdiyo kusan kowace ganga da makirfonta, sai ka ga takwas ko goma a kan mutum ɗaya. Ni na'urata ramin makirfo huɗu gare ta. Na nufi kasuwa neman Shure SM57, makirfon da ya fito tun 1965, wanda ake kafa shi a bakin ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙasa. Mai shago ya miƙo mini shi a farashin da ya sa na waiga ko ana bin mu.

“Na asali ne kuwa?”

“Haba Alhaji! Wannan ko kamfanin ba su da irinsa.”

Bawan Allah bai yi ƙarya ba. Na asalin giram 284 ne, nawa kuwa in fanka ta juyo sai ka dafe shi. Na ƙara da wasu sirara guda biyu na ratayawa a sama, babbar gangar ƙafa kuma na ba ta makirfon da muke sanarwar ɗaurin aure da shi.

Siraran nan suka yi gum. Na sauya waya, na hura, na ƙwanƙwasa, har na fara shirya kalaman da zan mayar wa mai shago. Ƙanena da ke gefe yana cin gyaɗa ya miƙa yatsa ya danna wani maɓalli mai rubutun 48V. Irinsu ba sa magana sai an tura musu wuta ta cikin wayar. Da suka farka kuwa, sai suka rama shirun da suka yi. Janareton maƙwabci ya shigo, mai tallan awara ta shigo, akuyar Inna ta shigo da nata baitin. Ɗakin siminti ne, rufin kwano, kowane duka sai ya je bango ya dawo da 'yan rakiya. Muka jingina katifu, muka rataya barguna a tagogi, muka cusa filo cikin babbar ganga. Wannan fa a watan Afrilu, a Kano, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga.

Na ce wa makaɗin ya ɗan taɓa mu ji. Fitilun na'ura suka koma ja gaba ɗaya.

“Malam, a hankali mana!”

“Oga, ai ban fara ba. Gaisawa nake da su.”

Na rage ƙarfi muka ɗauka. Da aka saurara, gangar da ta kusa ɗage mana rufi sai ta fito kamar ana dukan kwalin taliya. In na kashe makirfon sama ɗaya, kiɗa ya cika. In na kunna duka biyun, ya rame. Dalilin shi ne sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, in ɗaya ya fi ɗaya nisa da ganga ko da taƙi guda ne, dukan zai riske su a lokuta daban, sai wani sashe na amon ya cinye wani, musamman kaurin. Maganin tsoho ne, dabarar Glyn Johns, injiniyan Ingila da ya yi aiki da Led Zeppelin da Rolling Stones: ɗaya a sama, ɗaya a gefen damar makaɗi, amma nisansu daga tsakiyar ƙaramar ganga ya zo daidai. Ba tef ɗin awo a ɗakin. Na dubi ƙanena, ya dubi wandonsa. Da zariyarsa muka auna, yana tsaye a lungu riƙe da ƙugu yana Allah ya isa ƙasa-ƙasa.

Kuma fa ta yi aiki! Kiɗa ya zauna, ganga ta yi jiki, har na fara jin kaina. Ana tsakiyar amshi makaɗi ya ɗauki zafi, sanda ta sauka a kan makirfon da ko kamfanin ba su da irinsa. Kansa ya yi tsalle ya faɗa bayan katifa. Muka naɗe shi da salatif aka ci gaba, ni dai a kunnena har ya fi daɗi.

Bayan isha'i mawaƙin ya zo. Ya saurara ido a rufe yana gyaɗa kai, ya sa aka maimaita masa.

“Kai, aiki ya yi kyau, Allah ya saka. Sai dai ka ga 'yan biki ba su saba da wannan ba. Ba za ka cire ta ka sa mana ta kwamfutar ba?”