Furar leda ta zo, nonon fa?

Wani labari da na karanta ya ce garin fura da ake ƙullawa a leda sabuwar ƙirƙira ce da za ta ceci masu gidajen abinci a Katsina. Ledar ce sabuwa. Iyayenmu sun daɗe suna shanya fura su daka ta gari su ba matafiyi guzuri, kamar yadda fatake ke tafiya da kilishi don ba ya saurin lalacewa. Abin da marubucin bai taɓo ba shi ne nono. Je ka shagunan fura na Ƙofar Ƙaura ka leƙa: blenda na ta ƙara, ga citta da kanumfari sun ji, amma sau da yawa abin da ake damawa da shi yogot ne na madarar gari da aka shigo da ita daga waje, saboda satar shanu a Batsari da Jibiya da Safana ta rage kindirmon da matan Fulani ke kawowa a ƙwarya. Wani malam da ya yi sharhi kan labarin ya ce tsabta ce gaba, na yarda, lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, na da amfani. To amma wa zai haɗa mana firij mai sola a rugage, nonon ya iso gari bai yi tsami ba?