Hoto sau uku a rana, wai don a san kana aiki

To, ga shi mun gani. Takardar nan ta wata ma'aikata kan dokokin aiki daga gida, da take ta yawo a wayoyi tun shekaranjiya, wadda kowa a Yamai ya karanta sai wanda megansa suka ƙare, ni ma na karanta, kuma hukuncina ɗaya ne: wanda ya rubuta ta bai san aikin da ma'aikatansa suke yi ba. Da ya sani, da bai nemi hoto ba. Kar kowa ya tambaye ni sunan wurin, ba zan faɗa ba. Kun san shi, kuma ba su kaɗai ba ne, su dai aka yi rashin sa'a tasu ta fito.

Wai an ba ka kwana biyu a mako ka yi aiki daga gida. An gode. Amma ƙarfe takwas ka turo hotonka a gaban kwamfuta, sha ɗaya ka turo, ƙarfe uku ka sake turowa, ka bar wayarka tana nuna inda kake, kuma saƙo in ya shigo ka amsa cikin minti biyar ko a rubuta ba ka zo aiki ba. Sannan a ƙasa, ba kunya ba tsoron Allah, aka ce wai an yi haka ne don ƙara shaƙuwa tsakanin ma'aikata da ma'aikatarsu. Madalla. Allah ya ƙara basira. Saura a aiko maigadi ya zauna a bakin zaure da littafi, ya riƙa rubuta sau nawa mutum ya zagaya bayan gida.

Ranka ya daɗe darakta, hoto ba aiki ba ne. Zama ma ba aiki ba ne, kuma ka fi ni sani. Waye a cikinmu bai san biro ba, wato ofis? A zo ƙarfe takwas a sa hannu, a ajiye tabarau da makulli a kan tebur don a ce mutum yana kusa, a zagaya gaisuwa ofis ofis, a jira mai shayi, a yi hirar ƙwallo da ta siyasa, kafin ka ankara an kira azahar. Waye bai taɓa kai takarda wani wuri aka ce masa ya dawo gobe ba, alhali mai sa hannun yana zaune, kana hango hularsa ta taga? Wannan mutumin kullum yana biro. In hoto ake so, zai ba ka goma a rana, har da murmushi.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara: ai mutanenmu sai da bulala, ai zamanin Kunce babu wannan sakarcin. Duk mun tashi da labarin nan a bakin iyayenmu, yadda shugaban ƙasa na mulkin soja, Janar Seyni Kunce, yake faɗo wa ma'aikata da sassafe ba sanarwa, wanda ya makara ya shiga uku. Allah ya jiƙansa. Amma mutumin ya rasu tun 1987, a lokacin da takarda take tafiya a hannun masinja, kuma in ba ka zauna kusa da keken rubutu ba, babu inda za ka buga wasiƙa. Dole a zo biro, don a biro aikin yake. Yau rabin aikin waɗannan yaran yana cikin kwamfutar da suke ratayawa a kafaɗa. Kuma masu kiran sunan Kunce ɗin nan, in da zai dawo ya zagaya ƙarfe takwas, su zai fara tararwa ba sa nan.

Wasu kuma sun ce wannan tsarin na Turawa ne, bai dace da mu ba. Wane tsarin? Ranar Juma'a ba da wuri muke tashi ba? Da azumi wurare nawa ne suke sauya lokacin shiga da fita, kuma duniya ba ta tashi ba? A 2020, da korona ta shigo a watan Maris aka killace Yamai, aka sa dokar hana fitar dare, ƙungiyoyi da kamfanoni nawa suka tura mutane gida, kuma rahotanni suka ci gaba da fita, albashi ya ci gaba da lissafuwa? A lokacin babu wanda ya nemi hoto, don kowa yana tsoron ransa. Yanzu da tsoro ya wuce sai aka tuna cewa ma'aikaci ɓarawon lokaci ne.

Tunda ana son maganar waje, ga ta. Wani malamin jami'ar Stanford, Nicholas Bloom, shi da abokan aikinsa sun yi gwaji a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin da ma'aikata 1,612. Aka bar wasu suna aiki daga gida kwana biyu a mako, sauran suna zuwa kullum. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2024: ingancin aiki bai ragu ba, ƙarin girma bai bambanta ba, amma masu ajiye aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Kwana biyu, daidai abin da takardar nan ta bayar da hannun dama ta karɓe da na hagu. Cibiyar Gallup ta Amurka, mai binciken ra'ayoyin jama'a, ita kuma ta daɗe tana faɗin cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin himma tsakanin wannan rukunin ma'aikata da wancan, daga shugabansu na kusa yake fitowa. Wato in mutanenka sun yi sanyi, maigida, kafin ka leƙa ɗakunansu ta waya, fara duba kanka.

Ni abin da na sani shi ne, mutum yana riƙe aiki da zuciya ɗaya ne in ya san abin da ake jira daga gare shi, da ranar da ake jira, kuma ya san in ya kawo za a duba. In ka kai wa tela shadda a Wadata, kuna yin magana ne a kan ɗinki da rana. Ba ka ce ya turo maka hotonsa a kan keke safe da yamma. Ranar ta zo ka sa rigar, in ta yi ta yi, in ba ta yi ba ka san da wa za ka yi faɗa. To me ya hana a yi haka a biro? Abin da ya hana shi ne, sai shugaba ya zauna ya yi tunani: wane aiki nake so daga wance a makon nan, me zai nuna an gama, yaushe zan karanta in ba ta amsa. Wannan wahala ce. Ƙirga kawuna ya fi sauƙi. Shi ya sa na ce hoton nan lalacin na sama ne aka ɗora wa na ƙasa.

Kuma kafin ka nemi amsa cikin minti biyar, da wace wutar? Da wane rezo? Mu da muka ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da yake kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu, sai a Maris na 2024 aka maido, mun san ma'anar zama da kwamfuta a mace. Ko yanzu, bari Afrilu da Mayu su zo, zafi ya haura 40, ka ga yadda ake rabon wuta unguwa unguwa. Kai kana Filato, janareto yana tashi da kansa, ɗaki da sanyi har sai ka rufa. Yaronka yana Talaje ko Bukoki, ɗaki ɗaya da falo, yara sun dawo daga lakkol, fanka ta tsaya, yana haɗa kwamfuta da intanet ɗin wayarsa da ya saya da kuɗin cefane. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne, kuɗin intanet na wata ba abin wasa ba ne ko ga wanda ya ninka haka sau uku. Ka tura shi gida, ka huta da kuɗin wuta da ruwa da shayi, sannan taron bidiyo na awa biyu, kowa ya kunna kyamara, daga aljihunsa. In da gaske shaƙuwa kake nema, sa masa kuɗin intanet a cikin albashi, saya masa ƙaramin batir da faifan sola ko da bashi ne a riƙa cirewa kaɗan kaɗan. Wallahi ranar da ka yi haka za ka ga shaƙuwar da hoto dubu ba zai ba ka ba.

Bari in ajiye wasa. Akwai abin da yake kashe gwiwar wanda yake aiki daga gida, kuma na gan shi a jikin mutanen da na sani: mantuwa. Wanda ba a gani, ba a tunawa da shi. Tafiyar aiki ta taso zuwa Tawa ko Maraɗi, da ɗan kuɗin hanya a ciki, sai a ba wanda aka ci karo da shi a baranda. Horo ya fito, sunan na kusa ake sawa. Shawara a yanke ta a bakin mai shayi, na gida ya ji a bakin direba. Shi Bloom ɗin nan, a wani gwaji da ya yi tun da farko a wannan kamfanin, da masu amsa waya da suke wuni a gida kusan duk mako, aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, amma an fi tsallake su wajen ƙarin girma, kuma da aka ba su zaɓi, kusan rabinsu suka koma ofis, yawanci saboda kaɗaici. Mu kuwa da zumunci ya fi ƙarfi a wurinmu, abin ya fi haka ciwo. Mutum yana son wurin aikinsa ne don ranar da aka yi masa haihuwa abokan aiki sun cika ƙofar gidansa da safe, ranar da ya yi rashi sun zo gaisuwa da ɗan abin da aka tara, adashin biro yana zagayowa kansa. Waɗannan su ne igiyar. In za a sassauta zuwa aiki, to a tsare su. A ware rana ɗaya ko biyu da kowa zai zo, a yi taron da yake buƙatar ido da ido, a ci abinci a tire ɗaya, sabon yaro ya zauna kusa da tsohon hannu ya ga yadda ake yi, don shi kam ba zai koyi aiki shi kaɗai a ɗaki ba. Sauran kwanakin a ƙyale mutane. Kuma shugaba ya ɗauki waya ya kira, da muryarsa: Hajiya, ina kwana, ya jikin yaron, ina muka tsaya, me ya tsare ki? Minti biyar ke nan, kuma su ne minti biyar ɗin da ya kamata a rubuta a takardar.

Ai wasu za su tafi kasuwancinsu, in ji wani. Za su tafi. Da ma suna tafiya, daga biro. Wanda bai kawo aiki ba ka kira shi, ka ja masa kunne, in ya ƙi ka janye masa damar, shi kaɗai. Don mutum biyu ba a wulaƙanta talatin. Ai mata girki za su tsaya yi, in ji wani gwani. To sai me? In ta ɗora tukunya ta dawo ta gama lissafin da kake jira kafin la'asar, tuwon ya shiga cikin lissafin ne? Matar da take tasowa daga Harobanda, ta tsaya cunkoson gadar Kennedy da safe, ta sake tsayawa da yamma, ko wanda yake jiran faba-faba, ƙaramar motar haya, daga hanyar filin jirgi, in ka mayar musu da wannan lokacin kwana biyu a mako, kai ne za ka ci ribarsa, in ka bari.

Sai dai ba a bari. Sassaucin ya zama an buɗe ƙofar gidanka ne an shigo da biro ciki. Saƙo bayan isha'i, saƙo ƙarfe sha ɗaya na dare, saƙo ranar Lahadi, da alamar tambaya uku in ka yi jinkiri. Dokar aiki ta ƙasar nan, ta 25 ga Satumban 2012, awa 40 ta ce a mako. Faransa da muke son kwaikwayo a komai, tun Janairun 2017 ta ba ma'aikaci haƙƙin kashe waya bayan tashi. Wannan kam ba mu kwaso ba. Kana son ya amsa cikin minti biyar da rana, kana son ya amsa da tsakar dare, hutunsa kuma sai ya bi ka da roƙo. Sannan ranar da wata ƙungiya ta ɗauke shi ka ce yaran yanzu ba su da amana. Amanar da ba ka ba shi ba?

Af, tunda maganar saƙo ta zo. Don girman Allah, masu turo saƙon murya na minti bakwai a rukunin WhatsApp na aiki, me muka yi muku? Minti biyu gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya zafi, sai tari, sai a ce dakata ana kirana, sai ƙarar babur, sai can wajen ƙarshe ka ji ashe taron gobe ne aka ɗaga zuwa ƙarfe goma. Kuma ba a iya nemo shi in an manta, sai ka sake saurara tun daga ya gida. Akwai wani Alhaji a rukuninmu, ina girmama shi ƙwarai, amma jiya ya turo guda huɗu a jere, na huɗun yana cewa a yi watsi da na biyun. Har yanzu ban buɗe na ukun ba, wanda ya saurara ya faɗa mini ko da sunana a ciki.