“Ban ji ba, maimaita”: maganar da ke tsare rayuka a ƙananan filayen jirgin sama

Jama'a, duk sa'ad da aka tayar da zancen tsaron jiragen sama, hankalinmu yakan tafi kan tsufan jirgi, ko inji, ko lalacewar titi. Ba kasafai ake zancen rediyo ba. Ni kuwa a ganina, a filaye irin na Katsina, Birnin Kebbi, Dutse, Bauchi da Gombe, ko Maraɗi da Damagaram a Nijar, babu abin da ya kai muhimmancin kalmomin da ke wucewa tsakanin ma'aikacin hasumiya mai ba jirage umarni da matuƙin jirgi, da kuma halin da kowannensu yake furta su.

A Legas, Abuja, Kano da Fatakwal akwai na'urar rada da ke nuna wa ma'aikaci inda kowane jirgi yake. Idan matuƙi ya ji umarni a karkace ya bi wata hanya, allo zai tona. A ƙaramin fili kuwa sau da yawa abin da ma'aikaci ke da shi bai wuce tagar hasumiya, madubin hangen nesa, 'yar takardar da yake rubuta bayanin kowane jirgi, da abin da matuƙi ya gaya masa ba. In matuƙi ya ce yana mil 20 kudu da fili a tsayin ƙafa 5,000, to wannan shi ne hoton da ke kan ma'aikacin, gaskiya ne ko kuskure. Hazon hunturu kuma in ya sauka, ganin gaba ya koma ƙasa da mita 1,000, ido ma ya fita daga lissafi. Kunne ne kaɗai ya rage.

Shi kuma rediyon yana da halinsa. Ana magana ne a zangon da ke tsakanin megahaz 118 zuwa 137, kuma mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. In biyu suka danna maɓalli tare, masu sauraro sai su ji ƙara ko wani ƙugi, su kuwa masu maganar ba su san an tare su ba, domin wanda ya danna ba ya jin kowa. Kowannensu zai saki maɓalli yana ganin saƙonsa ya isa. Sannan muryar a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa: jirgin da ke ƙafa 1,000 sama ana jin sa daga wajen mil 40, wanda ke ƙafa 10,000 kuma wajen mil 120. Saboda haka shirun ƙaramin jirgi da ke tafe ƙasa-ƙasa ba ya nufin babu shi.

Hatsari mafi muni a tarihin sufurin sama a ƙaramin fili ya faru. Ranar 27 ga Maris 1977, bam ya tashi a filin jirgin Gran Canaria, aka karkatar da jirage zuwa Los Rodeos a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, filin da bai saba ɗaukar manyan jirage da yawa haka ba. Wurin ajiye jirage ya cika har ya toshe hanyar da ake bi, sai ya zama dole jirgin da zai tashi ya bi ta kan babban titin kansa zuwa ƙarshe ya juyo. Hazo ya rufe, babu radar ƙasa. Jirgin kamfanin KLM ya juyo ya fara gudu ba tare da an ba shi izinin tashi ba, alhali na kamfanin Pan Am yana kan titin. Hasumiya ta ce wa KLM ya dakata, Pan Am ya ce shi har yanzu yana kan titi, amma maganganun biyu suka haɗu a daƙiƙa guda suka zama ƙara. Mutum 583 suka mutu. Tun daga nan aka taƙaita kalmar “take-off” ga lokacin ba da izinin tashi ko soke shi kawai, a sauran magana sai a ce “departure”.

Duk wanda ya san yadda jigilar alhazai take zai gane wannan hoton. Filin da ke ganin jirgi biyu ko uku a yini sai ga shi da ƙaton jirgi mai ɗaukar ɗaruruwan maniyyata, ga jirgin gwamna, ga na fasinja na kullum. Haka lokacin yaƙin neman zaɓe, jiragen 'yan siyasa su yi cincirindo a fili ɗaya cikin awa biyu. Da yawa daga cikin waɗannan filayen titi ɗaya gare su, babu ƙaramin titi a gefensa, don haka wanda ya sauka da wanda zai tashi duk kan titin nan za su yi tafiyar ƙasa. Ma'aikatan kuma su ne na jiya, ba a ƙara ko mutum ɗaya ba.

Maganin da aka samo bai da wani ƙawa: maimaitawa. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin sama ta duniya, ta ce dole matuƙi ya maimaita duk izinin shiga titi, tsallake shi, tsayawa kafin shi, komawa ta kansa, sauka ko tashi. Dole ya maimaita lambar titin da ake amfani da shi, tsayin da aka ba shi, alƙiblar da zai fuskanta, gudu, lambar na'urar shaida mai nuna wa rada ko wane jirgi ne, da awon nauyin iska, sannan ya rufe da sunan kiran jirginsa. Wannan kowa ya sani. Rabin da ake sakaci da shi shi ne na hasumiya: ma'aikaci ya saurari maimaitawar da kunnen mai neman kuskure. Abin da ke faruwa shi ne, da ya gama ba da umarni hankalinsa ya koma kan waya ko jirgi na gaba, kunnensa kuma ya jiyo masa abin da yake tsammanin ji. Matuƙi ya faɗi lamba a karkace, hasumiya ta yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin tabbaci.

A dubi awon nauyin iska, wanda ake kira QNH. Da shi matuƙi ke saita agogon da ke nuna masa tsayinsa, kuma kuskuren maki ɗaya yana kawo bambancin wajen ƙafa 28. A watan Mayu 2022, wani jirgi ƙirar A320 yana shirin sauka a filin Charles de Gaulle na birnin Paris cikin ruwan sama, ma'aikacin da ke kula da shi ya ba shi 1011 maimakon 1001. Matuƙan suka maimaita abin da aka ba su, suka saita. Agogonsu yana nuna musu suna daidai alhali suna ƙasa da inda ya kamata da kusan ƙafa 280. Ba su ga titi ba suka fasa sauka, kuma a lokacin saura ƙafa 6 su taɓa ƙasa a wajen filin. Wani jirgin da ke kan zangon an ba shi adadi daidai, amma da Faransanci, harshen da waɗancan matuƙan ba sa ji. Wannan darasi ne kai tsaye ga filayen Nijar, inda Faransanci da Turanci ke tafiya tare a rediyo, da ma namu inda ake ɗan sako Hausa ko wani harshe in an gane muryar aboki. Kowane matuƙi da ke kan zango kunne ne na uku da zai iya kama kuskure, in ka sauya harshe ka toshe shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato hali. Akwai ma'aikacin hasumiya da in matuƙi ya yi kuskure, ko ya nemi a maimaita masa, sai ya rufe shi da faɗa a rediyo kowa na ji. Wannan ya wuce rashin ladabi, ɓarna ce ta aiki. Na farko, faɗan yana cin zango. Jirgin da ke gangarowa da gudun mil 140 a awa yana cin fiye da mil guda a cikin daƙiƙa 30, kuma duk tsawon wa'azin nan babu mai iya cewa ga mota a kan titi ko inji ya mutu. Na biyu, wanda aka yi wa tsawa hankalinsa ya rabu a daidai lokacin da hannunsa da idonsa suka fi cika da aiki. Na uku shi ne mafi haɗari, domin ba ya bayyana ranar: duk wanda ya ji tsawar ya koyi cewa tambaya tana jawo wulaƙanci. Gobe in bai ji da kyau ba sai ya cike gurbin da zato. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya a irin waɗannan filayen suke gwajin doguwar tafiya, wani ma shi kaɗai ne a jirgi. Yaron da aka kunyata yau shi ne kyaftin bayan shekara goma, kuma da ɗabi'ar da aka dasa masa zai girma.

Ba ina cewa a ƙyale kuskure ba ne. A gyara shi nan take da gajeruwar magana: a'a, ga daidai, maimaita. Sauran bayani ya jira jirgi ya tsaya, a ba matuƙi lambar wayar hasumiya, a yi maganar a can, in abin ya kai a rubuta rahoto a rubuta. ICAO ta shawarci kada magana a rediyo ta wuce kalma 100 a minti. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya ɗura wa matuƙi lambobi biyar a numfashi ɗaya, yakan raba su biyu ko uku. Ba ya kiran jirgin da ke dab da taɓa ƙasa ko wanda ke tsakiyar taka birki don tambayar yawan fasinja. In jirage biyu masu sunan kira kusan iri ɗaya suna kan zango, yakan gargaɗi dukansu.

Adalci kuma shi ne a faɗi cewa yawancin zafin ran nan daga gajiya yake. A watan Agusta 2006 a Lexington ta Amurka, jirgin Comair ya hau titi mai lamba 26, gajere mai ƙafa 3,500 da babu fitilu, maimakon mai lamba 22 mai ƙafa 7,000. Mutum 49 cikin 50 suka mutu. Bincike ya ɗora babban laifin kan matuƙan, amma ma'aikaci ɗaya ne a hasumiya inda tsari ya ce biyu, barcinsa bai wuce awa biyu ba kafin ya hau aiki, kuma da ya ba da izinin tashi sai ya juya baya yana aikin takardu. Mutum ɗaya ba zai riƙe rediyo, ya amsa wayar Kano, ya karɓi rahoton yanayi, ya sa ido kan titi, sannan a ce kada ya yi kuskure ba. Wannan nauyin yana wuyan hukumomin da ke kula da zirga-zirgar jirage a sama, wato NAMA a Najeriya da ASECNA a Nijar.

Matuƙa kuma nasu ciwon kunya ce da girman kai. Mu mutane ne da aka rena da kawaici, ba ma son mu ce wa na gaba bai yi daidai ba, kuma wannan tarbiyya mai kyau ce a zaure. A rediyon jirgi tana kisa. A Janairun 1990 jirgin Avianca ya daɗe yana shawagi yana jiran sauka a New York. Matuƙan sun ce man su na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar neman agajin gaggawa ba. Man ya ƙare, mutum 73 suka mutu. In ka ga za ka sauka da ƙasa da man ajiya na ƙarshe, wato na minti 30 ga jirgi mai injin jet, ka ce “mayday” sau uku ka ambaci mai. In an ba ka umarnin da ba za ka iya ba, ka ce “unable”, ba sai ka ba da haƙuri ba. Kalmar “roger” kuma ma'anarta na ji, ba ta nufin e, ba ta kuma maye gurbin maimaitawa. Sannan akwai matsin mai gida da ke zaune a baya yana duba agogo, musamman a filayen da ake rufewa da faɗuwar rana. Gaggawar nan ce ke sa matuƙi ya ji izinin da ba a ba shi ba.

Inda babu kowa a hasumiya, aikin ya koma kan matuƙa su riƙa shelar inda suke da abin da za su yi. A Nuwamban 1996 a Quincy ta jihar Illinois, matuƙiyar wani jirgin fasinja da ke sauka ta tambayi jirgin da ke bakin ɗaya titin ko zai jira. Sai wani jirgi na uku da ke bayansa ya amsa cewa yana jira. Ta ɗauka wanda ta tambaya ne, shi kuwa ya taso ba tare da ya yi shela ba. Suka haɗu a mahaɗar titunan, mutum 14 suka mutu. Kada ka amsa tambayar da ba kai aka yi wa ba, kuma kowace magana ta fita da cikakken sunan kira.

Kada a manta da na ƙasa. Motar kashe gobara, mai korar tsuntsaye, masu yankan ciyawa da masu gyaran fitilu duk suna shiga titi. Kowannensu ya riƙe oba-oba mai caji, ya nemi izini, ya maimaita, in ya fita ya ce ya fita. Hasumiya kuma ta ajiye alama a gabanta muddin akwai wani a kan titi, kada ta dogara da tuni. Wuta na iya ɗaukewa janareto ya yi jinkiri, don haka rediyon batir da fitilar ba da ishara su kasance a gwada su kowace safiya. Matuƙin da rediyonsa ya mutu yana sa lamba 7600 a na'urar shaida, ya dubi fitilar hasumiya: kore tsayayye izinin sauka ne, ja tsayayye ya ba da hanya ya ci gaba da kewayawa, ja mai ƙiftawa filin ba lafiya kada ya sauka. Fitilar da ta yi shekara a kabad ba a kunna ta ba, ranar buƙata ba za ta kama ba.

Ana naɗar duk maganar hasumiya, kuma ƙa'ida ta ce a ajiye ta aƙalla kwana 30. Abin takaici, an fi tunawa da ita bayan an yi hatsari, lokacin da masu binciken NSIB, hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, suka zo. Ni da za a ji tawa, kowane wata shugaban sashe ya ɗauko awa guda daga ranar da fili ya fi cika, ya zauna da ma'aikatansa su saurara tare. A ƙirga sau nawa aka maimaita lamba a karkace ba a kama ba, sau nawa aka ce “roger” a inda ake buƙatar maimaitawa, sau nawa murya ta tashi. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa kada a yanke masa albashi, in ba haka ba na gaba zai ɓoye nasa. Kamfanonin jirage su ma su tura matuƙansu su hau hasumiyar Katsina ko Dutse su zauna yini guda a lokacin jigilar alhazai, ma'aikatan hasumiya kuma a ba su kujerar baya a ɗakin tuƙi su ga abin da hannu huɗu ke yi a minti biyar na ƙarshe kafin sauka cikin hazo.