Kafin a sayar da fadama don a ce yaro yana ƙasar waje

Da zarar JAMB ta saki sakamako, sai dillalan makarantu su cika WhatsApp da talla. Hoton dogon gini na gilashi, matashi sanye da rigar yaye ɗalibai yana murmushi, a ƙasa kuma an rubuta cewa gurabe sun kusa ƙarewa, a hanzarta biyan kafin alƙalami. Cyprus, Kwatano, Indiya, Yuganda. Bana ma sun fito, kuma har yanzu akwai iyaye a Gusau da Birnin Kebbi da ke ba su kunne. Abin yana ƙona mini rai, domin mu a wannan yanki mun ga inda hanyar take ƙarewa da idonmu.

Ko an manta da ɗaliban Zamfara da gwamnatin jiha ta tura Arewacin Cyprus? A 2024 labarinsu ya karaɗe ko'ina: bashin kuɗin makaranta ya taru, takardun zama sun ƙare, yara sun maƙale a ƙasar mutane suna roƙon a waiwaye su. Gwamnati ce fa ta ɗauki nauyinsu, mai karɓar kaso daga Abuja duk wata. To ina ga magidancin da duk dogaronsa buhunan shinkafar da zai samu a fadamar Argungu ko Suru?

Matsalar ita ce yawancin iyaye kuɗin shekarar farko kawai suke lissafawa. Wanda ya tura ɗansa waje kafin Yunin 2023 ya yi lissafi da dala a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati. Kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500. Makarantar ba ta ƙara ko sisi ba, amma nauyin uban ya ninka sau uku. Shekarar farko a sayar da shanu, ta biyu a jinginar da gona, ta uku a fara zagayen 'yan uwa da kunya, yaro kuma yana can an hana shi shiga jarabawa. Wannan ɗaukar dala ba gammo ne, kuma ƙannen yaron su ne ke biya, musamman mata, domin su ake fara cirewa daga makaranta idan aljihu ya bushe.

Kwatano kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga can cikin makonni shida, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Kebbi tana iyaka da Benin, saboda haka bai kamata a ce mu ne na ƙarshe da za su gane ba. Har waɗanda suka zauna suka yi karatu na gaskiya a can, yau kallon zargi ake yi wa takardarsu.

Duk wannan wahala me ake saye da ita? Suna. A zauna a majalisa a ce ɗan Alhaji wane yana ƙasar waje. Wannan ciwo bai tsaya ga masu tsallaka iyaka ba. Akwai yaran da suke shekara uku a gida suna maimaita JAMB saboda uba ya rantse sai ABU Zariya, kuma sai likitanci, alhali makinsu ya isa su shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Gusau, waɗanda aka kafa tun 2013. Ga ta jiha a Aliero tun 2006, ga ta aikin gona a Zuru, ga ta Talata Mafara, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Idan an je bautar ƙasa, alawus ɗin naira 77,000 iri ɗaya ne ga kowa. Idan an shiga aikin gwamnati da digiri, mataki na 08 ake farawa, ba a tambayar ko ginin makarantarka na gilashi ne. Wanda ya karanto likitanci a waje ma sai ya ci jarabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin a bar shi ya taɓa mara lafiya. Rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara a 2024, wanda ba shi da ruwa kuma yake haɗawa da naira 20,000 na abinci duk wata, na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin gida.

Za a ce ai a gida akwai yajin aikin malaman jami'o'i na ASUU, wanda ya ci wata takwas a 2022. Wata takwas a ɗakin uwa ya fi a dawo bayan shekara uku babu takarda babu gona. Maganar tsaro ta fi nauyi, domin babu wanda ya manta da ɗaliban da aka sace a Sabon Gida kusa da jami'ar Gusau a Satumbar 2023. Amma ɗaliban da yaƙi ya rutsa da su a Khartum ta Sudan a Afrilun shekarar, suka kwana a iyakar Masar suna jiran a kwaso su, su ma don a kauce wa matsalolin gida aka tura su.

Gwamnatocin Kebbi da Zamfara su daina fitar da yara waje a kan kwas ɗin da ake koyarwa a gida. Kuɗin su koma gina ɗakunan kwana masu katanga da masu gadi a cikin harabar jami'o'inmu, da sayen kayan ɗakin gwaji. Uba kuma, kafin ya miƙa wa dillali ko kwabo, ya tambayi ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da makarantar da kwas ɗin, sannan ya zauna da biro da takarda ya lissafa kuɗin shekara huɗu cur, da haya da abinci da jirgi, a kan farashin dalar da ya fi na yau.