Mararaba ta cika maƙil

Rahotonku kan cunkoson jama'a a Mararaba, garin jihar Nasarawa da ke kan iyakar Abuja, gaskiya ne, sai dai ba ku taɓo tushen abin ba. Tun da aka mayar da babban birni Abuja a 1991 mutane ke kwararowa, daga baya rusau na zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja ya koro talakawa zuwa nan da Masaka. Ni a nan nake haya. Ina idar da sallar asuba nake fita, amma sai in kwashe awa biyu ban wuce Nyanya da ke mashigar Abuja ba. Gonakin Gbagyi da na sani duk sun koma gidaje, babu magudanar ruwa, famfo ko ɗigo, sai 'yan garuwa. Ga kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, wasu mutum takwas a ɗaki guda. Gwamnatin Nasarawa, don Allah a waiwaye mu.